Benis: Ana Karɓar Kuɗi a Ƙofa, 'Yan Gari Suna Fita

Kusa da gadar Rialto, a wani ɗan fili da ake kira Campo San Bartolomeo, akwai wani kantin magani mai allon lantarki a tagarsa. Lamba ɗaya ce a kan allon, wato yawan mutanen da suka rage da zama a tsohon birnin Benis. Tun 2008 aka kafa shi, lokacin lambar ta ɗan haura 60,000. A watan Agustan 2022 ta faɗo ƙasa da 50,000. A shekarar 1951 kuwa, mutum kusan 175,000 ne suke kwana suke tashi a cikin wannan gari. Na tsaya a gaban tagar nan da hantsi, jama'a na ta ture ni ta hagu ta dama, kowa ya ɗaga wayarsa yana neman gada, kuma iya tsayuwata ban ga wanda ya dubi allon ba.

Ranar 25 ga Afrilun 2024 hukumar birnin ta fara karɓar kuɗin shiga gari. Duk baƙon da ya zo wuni kawai, ba kwana ba, sai ya yi rajista ta intanet ya biya yuro 5, a wasu ranaku 29 da aka ware, daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. Ma'aikata suna tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia da tashar mota ta Piazzale Roma suna duba shaidar biya a wayoyin mutane, wanda aka kama bai biya ba kuma tararsa daga yuro 50 zuwa 300 ce. A 2025 aka mai da ranakun 54, aka ce wanda ya makara wajen rajista zai biya yuro 10. Abin da ya ɗaure wa mutanen waje kai shi ne waɗanda suka fito zanga-zanga a ranar farko. 'Yan garin ne da kansu, waɗanda aka ce dominsu aka yi dokar. Mai son ya gane dalilinsu sai ya fara sanin irin garin da ake magana a kansa.

Benis, ko Venezia a bakin masu shi, yana arewa maso gabashin Italiya, a tsakiyar wani faffaɗan tafki mai ruwan gishiri wanda wasu siraran tsibirai suka raba da tekun Adriyatik. Waɗanda suka fara zama a nan 'yan gudun hijira ne daga garuruwan tudu, da suka tsere wa yaƙe-yaƙen da suka zo da rushewar daular Rum ta yamma, suka fake a inda doki ba ya shiga. Ƙasar da suka tarar taɓo ce zalla. Sai suka riƙa kafa turakun itace, dubbai, manne da juna, suna buga su cikin laka har ta ƙulle ta yi tauri. A kan turakun a shimfiɗa katako, a kan katako a ɗora farin dutsen Istiriya wanda ruwan gishiri ba ya ci da sauƙi, sa'an nan a tashi gini da bulo. Itacen da ke binne a laka ba ya samun iska, shi ya sa ya yi ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba. Da haka aka haɗa tsibirai kimanin 118 da gadoji fiye da 400.

Ni dai abin da ya fi zauna mini a rai a garin nan rijiyoyinsa ne. Kusan kowane fili ka shiga za ka tarar da bakin rijiya na dutse a tsakiya, an sassaƙa masa ado, an rufe shi da murfin ƙarfe. Wani marubucin tarihinsu mai suna Marin Sanudo, wanda ya rayu shekaru ɗari biyar da suka wuce, ya ce Benis yana cikin ruwa amma ba shi da ruwa. Gaskiyarsa, domin duk inda ka haƙa gishiri za ka tarar. Don haka rijiyar Benis ba ta ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ƙaton rami ake haƙawa a ƙarƙashin filin, a shafe bangonsa da yumɓu, a cika shi da yashi. Idan aka yi ruwan sama, ruwan ya bi ta wasu 'yan ramuka a daɓen dutse, ya tace ta cikin yashin, ya taru a gindin rijiya. Har yau idan ka sunkuya ka duba za ka ga daɓen yana ɗan gangarawa zuwa waɗannan ramuka. Dubban irin waɗannan rijiyoyi ne suka shayar da garin har zuwa 1884, da aka jawo ruwan famfo daga tudu. Kowane fili da rijiyarsa, da cocinsa, da mai burodinsa, da matan da suke haɗuwa wajen ɗibar ruwa. Unguwa ce cikakkiya. Abin da miliyoyin mutane suke zuwa kallo yau, asalinsa mazaunin iyalai ne, kuma duk wani kyau da ke jikinsa daga buƙatar masu zama ya fito.

Zama a irin wannan gari yana da tsada ta hanyar da baƙon wuni ɗaya ba ya gani. Babu mota, babu babur, ko keke an hana hawa. Komai ta ruwa yake shigowa, daga bakin ruwa kuma sai dako. Wanda ya fito bayan asuba zai ga garin yana aikinsa: jiragen kayan miya da na lemo da na zannuwan otal suna sauke kaya, masu kwashe shara suna bin gida-gida da amalanke suna danna ƙararrawa, jirgin shara yana jiransu a mashigi. Motar asibiti jirgi ce, ta 'yan kwana-kwana jirgi ce, gawa ma a jirgi ake kai ta maƙabartar tsibirin San Michele. Na ga wani ɗan dako ya ɗoro katan-katan na ruwan roba a kan amalanke, ya iso gindin gada, ya juya baya, ya riƙa jan ta mataki bayan mataki, kowane mataki sai ta buga, ya haye ya sauka, ga wata gadar a gabansa bai fi taku hamsin ba. Da ya shiga lungu mai cinkoso sai ya ɗaga murya ya ce «Ocio!», wato a kula, a yaren garin. Kuɗin wannan wahala yana kan kowace kwalbar ruwa da kowane buhun siminti. Siminti kuwa ba ya yanke wa mai gida a Benis, saboda ruwan gishiri yana hawa jikin bulo, ya bushe, gishirin ya farfasa bulon daga ciki.

A nan ya kamata a yi adalci ga masu yawon buɗe ido, domin ba su ne suka fara korar 'yan gari ba. A shekarun 1950 da 1960 talakawan Benis da yawa suna zaune ne a ɗakunan ƙasa masu danshi da duhu, wasu babu ko banɗaki na kirki. A tsallaken ruwa kuwa, a Mestre, ana ta gina sababbin benaye masu famfo da ɗumama ɗaki, ga aiki a masana'antun Marghera, ga wurin ajiye mota a ƙofar gida. Gadar mota da aka buɗe a 1933, mai tsawon kusan kilomita 4, ta sauƙaƙa ƙaura. Mutane suka tafi da ƙafarsu, kuma babu mai ganin laifinsu. Sai ga ambaliyar 4 ga Nuwamban 1966, da ruwa ya kai santimita 194 a ma'aunin garin, ya shiga dubban ɗakunan ƙasa, aka kwana babu wuta. Wasu da yawa daga nan suka haƙura. Abin da yawon buɗe ido ya yi daga baya shi ne ya rufe hanyar dawowa. Gidan da aka bari an gyara shi, amma ba don jikan mai shi ba.

Maganar ruwa ita ce aka fi sani a duniya, kullum ana cewa Benis yana nitsewa. Akwai gaskiya a ciki. A ƙarni na 20 garin ya yi asarar kimanin santimita 23 na tsayinsa a kan teku, wani ɓangare saboda teku ya ƙaru, wani kuma saboda masana'antun Marghera sun yi shekaru suna zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har ƙasar ta lotsa, kafin a hana. An kuma haƙa wata hanya mai zurfi a cikin tafkin a shekarun 1960 don jiragen dakon mai, ta canza yadda ruwa yake shiga da fita. Daga kaka zuwa hunturu, idan cikowar teku ta haɗu da iskar da ke busowa daga kudu maso gabas tana tura ruwan Adriyatik zuwa ƙuryarsa, sai ruwa ya ɓullo ta magudanan filin San Marco, wanda shi ne wuri mafi ƙasa a garin. 'Yan gari suna kiran wannan acqua alta, wato ruwa mai tsayi. A busa jiniya, a jera gadojin katako a manyan hanyoyi, kowa ya sa dogon takalmin roba. Daren 12 ga Nuwamban 2019 ruwan ya kai santimita 187, mafi tsayi tun 1966.

Maganin da gwamnatin Italiya ta yi shi ne aikin da ake kira MOSE, sunan da ke tuna wa Italiyawa da Annabi Musa da tsagewar teku. Ƙofofin ƙarfe ne guda 78, kwance a ƙasan ruwa a mashigai uku da suka haɗa tafkin da teku, wato Lido da Malamocco da Chioggia. A kullum cike suke da ruwa. Idan aka hango babbar cikowa sai a hura musu iska, su taso su tsaya su tare teku. An fara aikin a 2003, ya ci kusan yuro biliyan 6, ya kuma zo da abin kunya: a 2014 aka kama mutane da dama kan cin hanci a kwangilarsa, har da magajin garin na lokacin. Amma ranar 3 ga Oktoban 2020 aka ɗaga ƙofofin a gaban cikowa ta gaske, filin San Marco ya wuni a bushe. Tun daga nan sun tare ambaliya da yawa. Tsugune dai ba ta ƙare ba, domin tafkin yana numfashi ne da shiga da fitar teku sau biyu a rana, kuma wannan shiga da fita ita ce take wanke ƙazantar da gidaje da yawa suke zubarwa cikin magudanai. Gwargwadon yadda teku yake ƙaruwa, gwargwadon yadda za a riƙa rufe ƙofofin, ranar da rufewa ta yi yawa kuwa ruwan ciki zai tsaya ya lalace, tashar jiragen kaya ma ta tsaya. Duk da haka, an sami shekaru na sarari daga ruwa. Lambar da ke tagar kantin magani ba ta sami irin wannan sarari ba, tana nan tana sauka bayan an ɗaga ƙofofin kamar yadda take sauka kafin a ɗaga.

Kiyasin baƙin da ke shiga Benis a shekara yana kaiwa tsakanin miliyan 20 da 30, kuma mafi yawansu 'yan wuni ɗaya ne. Tsohon garin kuwa ƙarami ne, cikin awa guda mai sauri zai ratsa shi da ƙafa. Ɗan wuni ɗaya hanyarsa sananniya ce: daga tasha zuwa Rialto, daga Rialto zuwa San Marco, ya ɗauki hoto a gaban fadar sarakunan garin, ya dawo. Dubban mutane suna bin lunguna ɗaya a awoyi ɗaya, lungunan da a wasu wurare mutum biyu ba sa jerawa. Bai cika shiga gidan tarihi ba, abincinsa abin da zai riƙe a hannu ne, tsarabarsa abin rufe fuska na bikin garin ko ƙaramin gilashi mai arha wanda sau da yawa ba ma a tsibirin Murano, wanda ya shahara da aikin gilashi, aka yi shi ba. Kasuwa kuma tana bin mai saye. Mai kantin da ke sayar da ƙusa da fenti, da tela, da mahauci, ba za su iya biyan hayar da mai sayar da tsaraba zai biya ba, sai su rufe. Kasuwar kifi ta Rialto, wadda har yau akwai tsohon allon dutse a bangonta mai ƙayyade tsawon kifin da aka yarda a sayar, teburanta sun ragu ƙwarai, masu ɗaukar hoto sun fi masu sayen kifi. Jirgin haya da suke kira vaporetto shi ne bas ɗin garin. Baƙo yana biyan yuro 9.50, ɗan gari mai kati yana biyan 1.50, amma rahusa ba ta da amfani ga tsohuwar da za ta asibiti idan jirgi ya zo a cike da akwatuna ya wuce ta.

Manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sun daɗe suna zama alamar wannan matsala, suna ratsawa ta gaban San Marco sun fi gine-ginen garin tsawo. Bayan da ɗaya daga cikinsu ya ƙwace ya daki gaɓa da wani ƙaramin jirgi a watan Yunin 2019, hayaniya ta ƙaru, kuma daga 1 ga Agustan 2021 aka hana jiragen da suka haura tan 25,000 bin wannan hanya. Mataki ne mai kyau. Sai dai fasinjojin ba su daina zuwa ba, a wata tasha ake sauke su a kawo su da bas ko ƙananan jirage.

To, idan ɗan wuni ɗaya ne matsala, ai sai a ce a ƙarfafa wa mutane su kwana. Haka hukumar birnin take tunani, shi ya sa mai kwana ba ya biyan kuɗin shiga, harajin kwana kawai yake biya ta hannun masaukinsa. Mai kwana yana cin abinci a zaune, yana shiga gidajen tarihi, yana yawo unguwannin da ba a cika zuwa ba, yana barin kuɗi a gari. Amma a ina yake kwana? Nan ne ƙullin yake. Tun da Airbnb, shafin intanet na ba baƙi hayar gida na 'yan kwanaki, da ire-irensa suka yaɗu, duk mai gida a Benis ya san lissafin: abin da iyali za su biya shi a wata, baƙi suna iya biyansa cikin mako guda a lokacin cinkoso, ga shi babu rigimar tashin ɗan haya. Wanda ya gaji gidan kakarsa mai cin kuɗin gyara kowace shekara, da wuya ka ce masa ya ƙi. Gida ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga an maƙala ƙaramin akwatin makulli mai lambobi a jikin ƙofa, sunan iyali ya ɓace daga jikin ƙararrawa. Wata ƙungiyar 'yan gari mai bin diddigin gidaje, wadda ta ɗauki sunan Ocio, kiran nan na ɗan dako, ta kafa nata allon a tagar wani kantin littattafai tana ƙirga gadajen kwanan baƙi. A watan Satumban 2023 lambarta ta wuce ta kantin magani. Wurin kwanan baƙi ya fi 'yan gari yawa.

Gaba kura ke nan, baya sayaki. Ɗan wuni ɗaya yana cike hanya bai bar kuɗi ba. Mai kwana yana barin kuɗi, amma sau da yawa a ɗakin ɗan gari yake kwana. Kuɗin shiga ya taɓa na farko, ya bar na biyu, har ma yana iya tura mutum ya zama na biyu. Ko na farkon ma bai taɓa shi sosai ba. Dokar ba ta ƙayyade yawan masu shiga a rana ba, duk wanda ya biya ya wuce. Yuro 5 bai kai kuɗin hawa vaporetto sau ɗaya ba, balle gondola, dogon baƙin kwalekwalen nan da ake tuƙawa a tsaye, wanda rabin awa a cikinsa yuro 90 ne da rana. Wanda ya biya kuɗin jirgin sama daga Amurka ko Sin ba zai fasa don yuro 5 ba. A shekarar farko an tara kimanin yuro miliyan 2.4, kuma 'yan adawa a majalisar birnin, suna dogaro da alƙaluman wayoyin hannu da hukumar kanta take tattarawa, sun ce baƙi ba su ragu ba a waɗannan ranaku. Masu goyon bayan tsarin suna cewa gwaji ne, kuma a karo na farko an san wa zai zo tun kafin ya zo, abin da zai ba da damar sa iyaka wata rana. Wannan hujja ce mai ma'ana, idan har an sa iyakar.

Akwai kuma maganar lokaci. Hukumar UNESCO ta sa Benis da tafkinsa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987, kuma sau biyu masananta suna ba da shawarar a mai da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, a 2021 da 2023. Dokar hana manyan jirage ta fito kwanaki kaɗan kafin taron UNESCO na 2021. Majalisar birnin ta amince da kuɗin shiga kwanaki kaɗan kafin a yanke hukunci a taron Riyad na Satumban 2023. Duka biyun garin ya tsira daga jerin. 'Yan gari sun lura da wannan. Sun kuma lura cewa tun 2022 majalisar dokokin Italiya ta ba Benis wani iko na musamman na ƙayyade hayar gidaje ga baƙi, aka daɗe ikon yana ajiye, alhali gidajen gwamnati da dama suna kulle saboda ba a gyara su ba. Shi ya sa suke ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ga kuma zafin da ba ya shiga lissafi. Garin da ake sayen tikiti a shiga, a ganinsu, ya amince ke nan cewa ya zama wurin kallo. Masu zanga-zangar ranar farko sun ɗaga alluna suna kwatanta shi da filin wasan yara.

Abin da ya sa batun ya fi ba ni takaici shi ne babu garin da ya fi tsohon Benis sanin yadda ake sarrafa baƙo. Da baƙi ya yi arziki. Jamhuriyarsa ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsakanin Turai da ƙasashen Musulmi kafin Napoleon ya rushe ta a 1797. 'Yan kasuwarta suna Iskandariyya da Dimashƙ da Istanbul. Larabawa suna kiran garin Bunduƙiyya, kuma kuɗin zinarensa da aka fara bugawa a 1284 ya zaga kasuwannin Gabas. A nan aka fara buga Alƙur'ani da Larabci a na'urar ɗab'i, wajen 1537, aikin da bai karɓu ba saboda kurakuran da ke cikinsa. Har kasuwar Kano hannun wannan yanki ya kai. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya gani ana sayarwa a Kano a 1851, wadda kuma malamai suka rubuta littattafai da yawa a kanta, daga masana'antun takarda na yankin Benis take fitowa, ta biyo Tarabulus ta ratso Sahara.

Wannan jamhuriya ba ta bar baƙo ya sauka inda ya ga dama ba. Tana da gidajen da ake kira fondaco, kalmar da ta fito daga funduƙ ta Larabci. Bajamushen ɗan kasuwa a Fondaco dei Tedeschi yake sauka, a gindin gadar Rialto, can zai kwana, can zai ajiye kayansa, can za a yi cinikinsa a gaban dillalan hukuma. 'Yan kasuwar Daular Usmaniyya an ba su nasu gidan a 1621. Wanda ya san yadda fatake suke sauka a gidan fatoma zai gane tsarin nan take, sai dai a Benis hukuma ce fatoman. An yi hakan ne don haraji da sa ido, kuma akwai tsanani da wariya a ciki, domin jamhuriyar nan ce ta killace Yahudawa a unguwa ɗaya a 1516. Ba ina cewa a koma can ba ne. Abin lura shi ne mahukuntan wancan zamani sun ɗauki wurin kwanan baƙo a matsayin sha'anin gari, ba sha'anin mai gida shi kaɗai ba. Shi Fondaco dei Tedeschi ɗin, bayan ya daɗe yana babban gidan waya inda 'yan gari suke aika wasiƙa, a 2016 aka mai da shi kantin kayan alfarma na baƙi, kantin da aka rufe a 2025.

Wanda Allah ya ba ikon zuwa fa, ya fasa? Ni ban ce ba. Gani ya kori ji, kuma garin da ya dogara da baƙi haka, rashinsu ma bala'i ne, kamar yadda aka gani a 2020 da annoba ta rufe hanyoyi, ruwan magudanai ya kwanta ya yi garau, ma'aikata da yawa kuma suka zauna babu aiki. Amma akwai zuwa akwai zuwa. Wanda ya sauka a otal da aka daɗe da saninsa otal, ko a masaukan da wasu cibiyoyin addini suke gudanarwa, bai tashi kowa daga ɗaki ba. Wanda ya yi kwana uku a watan da babu cinkoso ya fi wanda ya yi awa biyar ranar Lahadi a watan Yuni ganin gari, ya kuma fi shi sauƙi a kan masu gari. A lungu a bi gefen dama a bar hanya, a kan gada kada a zauna cin abinci, domin hanyar wani ce zuwa aiki. Mai son hawa gondola ba tare da yuro 90 ba, akwai wadda ake kira traghetto, mai tsallakar da mutane babban mashigin garin a kan yuro 2, ita 'yan gari suke hawa. Waɗannan duka ladabin baƙunta ne, kuma suna da daraja. Sai dai kada baƙo ya ɗauka ladabinsa zai mai da iyali ɗaya cikin gidan da aka sa wa akwatin makulli. Wannan sai doka a kan haya, da kuɗin gyara gidajen gwamnati, da ayyukan yi da ba na hidimar baƙi ba.

Garin bai mutu ba tukuna, kuma wanda ya bar hanyar Rialto zai gani. A unguwannin Castello da Cannaregio, bayan la'asar, shanya tana rataye daga taga zuwa taga a saman lungu, tsofaffi suna zaune a benci, yara suna buga ƙwallo a jikin bakin rijiya. Jami'ar Ca' Foscari tana kawo dubban ɗalibai, ko da yake da yawansu ba sa samun ɗaki a cikin gari, a tudu suke kwana. Ranar da zan tafi na shiga jirgin ƙasa na yamma daga Santa Lucia. Taragon cike yake da mutane iri biyu. Akwai masu duba hotunan da suka ɗauka tun safe, akwai kuma waɗanda suka jingina kai da taga idanunsu a rufe, masu gyaran gadaje da masu wanke kwanuka da masu tsaron kantuna. Da muka gama ratsa gada jirgi ya tsaya a Mestre, waɗannan na biyun suka miƙe suka sauka kusan gaba ɗayansu.